Gidan tarihin STEAM a Swindon: kamfanin Great Western da mutanen da suka riƙe shi

Duk mai sha'awar jirgin ƙasa da ya je Ingila, ina ba shi shawara ya leƙa STEAM. An buɗe shi a 2000 cikin tsohuwar masana'antar kamfanin Great Western Railway, wadda ta fara aiki a 1843 aka rufe ta a 1986.

Abin da ya fi ratsa ni shi ne kan jirgi mai suna Caerphilly Castle, ƙirar 1923. Akwai rami a ƙarƙashinsa, irin wanda makanikai ke shiga su duba, kuma an bar maziyarta su sauka. Na tsaya ciki na ɗaga kai, ga sandunan ƙarfe da manyan ƙafafu dab da fuskata. Wallahi sai da na jinjina wa maƙeran da suka haɗa wannan da hannunsu.

Bayanin Brunel ma ya yi kyau. Shi ne injiniyan da ya shimfiɗa layin Landan zuwa Bristol, aka gama a 1841, da faɗin ƙafa 7 da rubu'in inci tsakanin ƙarafan layin biyu, yawancin sauran kamfanoni kuwa ƙafa 4 da inci 8 da rabi. Sai a 1892 aka daina amfani da faffaɗan layin. A 1948 gwamnati ta karɓe kamfanin.

Na ji daɗi da ba su manta da leburori da akawu ba: an kafa mutum-mutuminsu, kowa a bakin aikinsa. Ka ware rabin yini, kada ka yi gaggawa.