Thomas Berger: Tsakanin Zauren Majalisa da Kujerar Alƙali

Thomas Berger, ɗan lardin British Columbia a ƙasar Kanada, ya taɓa hanyoyi biyu na yi wa jama'a aiki, kuma amfanin da suka haifar ba ɗaya ba ne.

Siyasa ba ta daɗe da shi ba. Ya shiga majalisar lardi a 1966, ya zama shugaban jam'iyyar New Democratic Party (NDP) ta lardin a 1969, a shekarar nan kuma W.A.C. Bennett, shugaban gwamnatin lardin, ya kayar da jam'iyyar a zaɓe, Berger ma ya rasa kujerarsa. A majalisa yana da 'yancin faɗin ra'ayinsa, amma ƙuri'a ce ke riƙe da makomarsa.

Alƙalanci ya ba shi abin da siyasa ta hana shi: lokaci da kwarjini. Bayan naɗa shi a Babbar Kotun lardin a 1971, gwamnatin tarayya ta ɗora masa binciken shimfiɗa bututun iskar gas a kwarin kogin Mackenzie da ke arewacin Kanada. Bai tsaya a ofis ba. Ya zaga garuruwa 35, ya zauna ya saurari 'yan asalin ƙasar, Dene da Inuit da Métis, suna bayani da bakinsu. A 1977 ya ba da shawarar a dakata shekara 10 har a warware batun filayensu. A ganina nan ne ya fi amfanar mutane nesa ba kusa ba.

Sai dai kujerar tana ɗaure harshe. Da ya fito fili a 1981 ya soki cire haƙƙin 'yan asalin ƙasa daga daftarin tsarin mulki, aka ce alƙali ya wuce gona da iri. A 1983 ya ajiye rigar, ya koma aikin lauya.