Shirin kai iyali Legas a ƙarshen mako: abin da ke ciki da abin da ke cin kuɗi a banza

Tun da ejan-ejan na tafiye-tafiye suka fara tallan "kwana biyu a Ikko, kai da iyalinka", magidanta daga Gaya, Ringim, Kazaure da Wudil sun shiga tambaya ko abin ya cancanci kuɗinsa. Yawanci shirin ya ƙunshi mota daga Kano, masauki, ɗan jagora, da wurare uku ko huɗu na kallo. Ya cancanta, amma ba a yadda ake tallansa ba.

Matsalar farko lissafin kwanaki ce. Tsakanin Kano da Legas akwai tafiyar kilomita kusan 1,000, kuma motar haya ba ta cika yin ta a ƙasa da awa 18 ba, ko ta bi Abuja da Lokoja ko ta bi Mokwa da Ilori. Wanda zai taso daga ƙauye sai ya ƙara awa ɗaya ko biyu kafin ma ya iso tasha. Idan aka tashi Juma'a bayan masallaci, ana isa Asabar da hantsi, yara sun jigata, uwargida ƙafa ta kumbura, ranar kuma ta tafi a barci. Lahadi da rana an kama hanyar gida. Ashe wuni ɗaya aka saya da kuɗin kwana uku. Shirin mota yana da ma'ana ne kawai idan an tashi Alhamis da asuba a dawo Litinin. Jirgi daga filin Malam Aminu Kano zuwa Ikeja awa ɗaya da rabi ne, shi ne ya dace da sunan ƙarshen mako, sai dai a lissafa kujerar kowane yaro da ya kai shekara 2.

Masauki kuwa, a tambayi unguwa kafin a biya kafin alƙalami. Ejan yakan kama otal a Agege ko wajen Ikeja saboda sauƙin kuɗi, kuma akwai alheri a hakan: ga 'yan uwa Hausawa, ga masallatai, ga tuwo da waina da mai shayi. Illarsa ita ce duk wuraren kallon suna can tsallake, sai an haye gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8. Ranar Asabar da ƙarfe 7 na safe gadar a sake take, yara ma su more kallon ruwa da gidajen katako na Makoko daga sama. Wanda ya tsaya jiran a gama wanka da karin kumallo har ƙarfe 10 zai sha cunkoso a Lekki. A kuma sa ejan ya rubuta a rasit awa nawa otal ɗin ke kunna janareto. Zafin Legas mai gumi ne, ba irin namu busasshe ba, ɗakin da fanka ta tsaya cikin dare ba ya kwantuwa.

Wurin da ya fi biyan kuɗinsa a duk shirin shi ne gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957. A nan aka ajiye baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976, ramukan harsashi na nan a jikinta. Yaron da ya saba ganin fuskar mutumin a takardar naira 20, ya kuma san kabarinsa na Kano, zai tsaya ya daɗe a gaban motar nan. Akwai kuma kayan ƙasa na Nok da tagullar Bini. Awa ɗaya da rabi ta isa. Dandalin Tafawa Ɓalewa yana kusa, ana iya takawa, daga nan a wuce babban masallacin Legas da ke titin Nnamdi Azikiwe a yi azahar. A lura, lokacin sallah a can yana bayan na Kano da kimanin minti 20.

Sai gandun dajin Lekki, wanda gidauniyar kare muhalli ta Najeriya ta kafa a 1990. Abin da ake talla da shi gadar sama ce ta igiya da ƙarfe, tsawonta mita 401, tana lilo a saman bishiyoyi. Abin da ejan ba ya faɗa shi ne kuɗin shiga daban, kuɗin hawa gadar daban, kuma ba a barin ƙananan yara su hau. Iyali mai yara 'yan firamare sai su raba kansu, wani babba ya zauna da su a ƙasa. Idan aka yi ruwa akan dakatar da hawa saboda santsi, don haka Yuni da Yuli ba lokacinta ba ne, gara daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Takalmi ya zama mai kama ƙafa, silifa na zamewa, babbar riga kuma a bar ta a mota. Biran wurin ba su da kunya ko kaɗan. Duk wanda ya riƙe leda da biskit ko ayaba a hannu, sun ƙwace. A zuba abinci a jaka mai zif.

Bakin teku ne ya fi buƙatar kulawa, kuma a nan yawancin masu shirin ke sakaci, su sauke mutane a ƙofa su ce a haɗu ƙarfe 6. Tsohon Bar Beach da iyayenmu ke ba da labari babu shi, an cike wurin da yashi ana gina sabon birnin Eko Atlantic. Waɗanda suka rage a gefen Lekki na 'yan kasuwa ne, ana biyan kuɗin ƙofa, rumfa da kujera ma haya ne. Da yamma, musamman Lahadi, kiɗa ne da giya da shigar da magidanci ba zai so iyalinsa su zauna a ciki ba. Da safe kafin 11 wurin shiru, iska mai daɗi, ga masu dawaki. Yaran da suka iya iyo a kududdufi ko kogin Haɗejiya su suka fi shiga haɗari, domin sun yarda da kansu. Ruwan Atlantika idan ya bugo yana komawa da ƙarfi, yana zare yashin da ke ƙarƙashin ƙafa, a wasu gurabe kuma yana da mashiga mai jan mutum ciki. Iyakar yaro idon sawu, hannunsa a hannun babba. Idan shirin ya haɗa da bakin tekun Tarkwa Bay, da kwalekwale mai inji ake zuwa. Kowa ya sa rigar kariya daidai jikinsa, a kuma dawo kafin magariba.

Wasu ejan-ejan na cusa Badagiri don tallan ya yi armashi. Garin na da abin gani, bene na farko da mishan suka gina a 1845 da tashar da ake loda bayi, amma yana can yamma kusa da iyakar Jamhuriyar Benin, zuwa da dawowa wuni guda ne. Haɗa shi da Lekki rana ɗaya zaman mota ne kawai. A cire shi, a nemi ragin kuɗi.

Abinci a shirin yawanci karin safe ne kaɗai. Miyar can akwai yaji da manja, cikin yaro bai saba ba, gara a taho da kilishi, dambun nama, garin kunu da gishirin zawo ƙunshi 4 ko 5. Ruwa a sayi katan biyu na roba tun a unguwa, domin a bakin teku farashinsa ninki ne.