Shagon taswira a Shomolu da ya zana mini tarihin ruwan Tafkin Chadi

Ina koyar da labarin ƙasa a wata makarantar sakandare ta al'ummarmu a Agege, kuma da yawa daga cikin ɗalibaina jikokin mutanen Borno da Yobe ne waɗanda ba su san Tafkin Chadi ba sai ta bandar Baga da ake kawowa kasuwa. Saboda su na nufi Shomolu, unguwar masu ɗab'i, inda wani abokin aiki ya kwatanta mini ƙaramin shagon wani matashi Bazazzagi mai zana taswira da kwamfuta yana kuma buga ta. Na ba shi aikin taswirorin bango huɗu masu nuna yadda ruwan tafkin ya yi ta cika yana janyewa, ya kammala cikin mako biyu, a kan takarda mai kauri wadda launinta bai zuba ba.

Uku na farko daga hotunan tauraron ɗan'adam ya ciro su. Ta 1963 tana nuna tafkin a cike, kusan murabba'in kilomita 25,000. Ta 1973, shekara guda bayan harba tauraron Landsat na farko, tana nuna yadda fari ya raba shi gida biyu, kudu da arewa. Ta 1987 kuwa ɓangaren arewa ya kusa zama fili.

Ta huɗu ce ta sa na yarda da gwanintarsa. Ita ce taswirar babban tafkin da ya shafe wajen murabba'in kilomita 350,000 kimanin shekara 7,000 da suka wuce, wato kusan girman Tekun Kasfiya na yau, wanda ke tsakanin Turai da Asiya. Gaɓar wannan tafki da ɗigo-ɗigo ya zana ta, da na tambaye shi dalili sai ya ce, "Malam, wannan ba wanda ya ɗauki hotonta, daga sawun da ruwa ya bari aka gano ta." Sawun kuwa shi ne dogon tudun yashin nan da ya ratsa ta Maiduguri da Bama, wanda tsohuwar gaɓar ruwa ce mai tsayin kusan mita 320 a kan teku, alhali ruwan tafkin na yanzu yana wajen mita 280. Masana suna auna shekarun bawon dodon-koɗi da gawayin da ke binne a irin waɗannan tudun, sannan su bi tsayin ƙasa su zagaye kwarin. Ya kuma sa alama a Dufuna ta Jihar Yobe, inda aka gano kwalekwalen da ya kai shekara 8,000 a 1987, da kwarin Bodele na ƙasar Chadi, busasshen gindin tsohon tafkin, wanda iskar hunturu ke kwaso ƙurarsa. Wannan alama ta ƙarshe ta faranta mini rai ƙwarai, domin yaran sun san hazon da ke lulluɓe Legas a watan Disamba, ko da ba su san mafarinsa ba.

Akwai aibi biyu da ba zan ɓoye ba. Na farko, bai rubuta watan da aka ɗauki kowane hoto ba, kuma wannan babban giɓi ne ga tafkin da ba shi da zurfi, wanda kusan duk ruwansa daga Kogin Shari da Logon yake zuwa bayan damina, ta yadda faɗinsa a ƙarshen shekara ya sha bamban da na farkon damina. Na koma na yi masa magana, ya gyara ba tare da ƙarin kuɗi ba. Na biyu, duk inda ciyayin ruwa suka rufe tafkin ya shafa masa launin kore irin na tudu, abin da ke sa mai kallo ya zaci ruwan ya ƙafe fiye da yadda ya ƙafe. Wannan bai gyaru ba, sai dai na riƙa yi wa ɗalibai bayani da baki.

Kuɗin aikin bai yi arha ba, amma malamin da zai je ya fara sharɗanta rubuta wata da shekara a ƙasan kowace taswira, ya kuma nemi a liƙe ta da leda saboda laimar Legas.