Sharhi kan darasin turompet wurin malamin unguwa a Yamai

Wata huɗu na darasi, sau biyu a mako, minti 45 kowane zama, a zauren wani malamin busa a Bukoki: a kan wannan nake sharhi. Dattijo ne da ya daɗe yana busa cikin fanfar, wato ƙungiyar masu busa ƙahonin ƙarfe. A ganina kuɗin watanni biyun farko su ne suka fi biyan buƙata, domin a lokacin ake gyara baki, kuma bidiyon YouTube ba ya ganin bakinka.

Makon farko ba ya barin ɗalibi ya taɓa turompet ɗin ma. Ɗan bakin busar kawai zai ba ka, mai lamba 7C, wanda yawancin masu farawa ke amfani da shi, da gutsuren madubi. Za ka haɗe leɓɓa kamar mai cewa "m", ka ƙarfafa gefen baki biyu, ka tura iska har leɓɓan su yi karkarwa kamar ƙudan zuma. Wannan karkarwar ita ce sautin, ƙarfen ƙara shi kawai yake yi. Bakin busar ya zauna a tsakiya, kusan rabi a leɓen sama, rabi a na ƙasa. Wanda ya taso yana kallon masu algaita, da ya ɗora baki sai ya kumbura kumatu. Mai algaita da dalilinsa, a kumatun yake ajiye iska don kada busar ta yanke. A turompet kuwa kumburin sassauta gefen baki yake yi, sautin ya watse. Malamin kan sa yatsa biyu ya danne kumatun ɗalibi, ya ce: "Yarona, daga ciki, ba daga kunci ba."

Kuskure na biyu ya fi ɓarna, wato danna ƙarfe a leɓe don a kai ga sauti mai tsini. Jini ba ya zagayawa, leɓe ya kumbura, cikin minti goma busa ta mutu. Alamarsa jan zobe ne mai zurfi a leɓen sama. Malamin yana duba wannan zobe bayan kowane atisaye, kuma ya hana a maƙala ƙaramin yatsan dama a ƙugiyar sama, saboda da shi ake jawo turompet zuwa baki ba a sani ba. Hannun hagu ne ke ɗaukar nauyi, na dama fiston uku, wato maɓallan da ake dannawa don sauya sauti, kawai yake tsarewa. A nan babu abin da zan kushe masa.

Yadda yake bayanin fiston ma ya yi. Tsawon bututun in an miƙe shi ya kusa mita ɗaya da rabi, kowane fiston kuma ƙara masa tsawo yake yi, sauti ya sauka: na biyu rabin mataki, na farko mataki ɗaya, na uku ɗaya da rabi. Ga fiston ɗin da ake dannawa a kowane sauti, daga ƙasa zuwa sama: Do ba a danna komai, Re 1 da 3, Mi 1 da 2, Fa 1, Sol ba komai, La 1 da 2, Si 2, sai Do na sama ba komai. Do, Sol da Do na sama duk yatsu a sake suke, saurin iska da matsin leɓe ne ke raba su, kuma nan ne mai koyo yake daɗewa. Re na ƙasa kullum yana ɗan haurawa, sai an tura bututun fiston na uku waje kaɗan da yatsan hagu. Turompet ɗin da aka saba na Si bemol ne, wato Si da aka saukar rabin mataki, saboda haka Do ɗinka Si bemol ne a wurin mai piyano. Duk wanda zai shiga ƙungiyar kiɗan biki ko ta coci ya riƙe wannan, in ba haka ba zai yi ta zargin kunnensa a banza.

Atisayen gida da yake bayarwa minti 20 ne kullum: dogon sauti na daƙiƙa takwas zuwa goma, a huta daidai tsawon abin da aka busa. Hakan ya fi amfani a kan a yi awa biyu ranar Lahadi kaɗai. Da an kira sallah yake dakatar da darasi, kuma yana ba da shawarar a sayi abin toshe bakin ƙaho saboda haƙƙin maƙwabta.

Sai kula da kayan, wanda a Yamai rabin aikin ke nan. Ƙurar hunturu kan shiga fiston ta gauraye da mai ta zama kamar yashi. A ciro su ɗaya bayan ɗaya, a goge da tsumma mai laushi, a ɗiga ɗigo uku ko huɗu na man fiston. Man gyaɗa da baƙin man mota daskarewa suke yi su riƙe shi. Kowane fiston da lambarsa a jiki. In aka musanya su ko aka mayar a karkace, iska ba ta wucewa sam, sai mutum ya ɗauka turompet ya lalace. Wanki sau ɗaya a wata ko biyu da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu, ban da tafasasshe, yana ɗaye fenti. A kurkure baki bayan shayi, sukari ne ke taruwa a bututu. Leɓe in ya tsage da hunturu a shafa man kaɗe da dare, a goge kafin busa. A zafin Afirilu da Mayu, lokacin da ake wuce digiri 40, sautin yana haurawa, sai an ja babban bututun daidaitawa waje kaɗan. Bakin busa kuma in ya maƙale kada a sa filaya, a kai wa malamin.

Inda ya gaza shi ne karatun nota, wato rubutattun alamomin kiɗa. Da kunne yake koyarwa: ya busa, ka maimaita. Yana da kwafin littafin Arban, wanda ya fito a Faransa a 1864 kuma har yau ake koyarwa da shi, amma bai buɗe shi ba sai a wata na uku, shi ma sama-sama. Ba ya rubuta aikin gida, don haka ka zo da littafinka ka rubuta da kanka. Mai son karatun nota sosai ya haɗa da wani wurin, ya je ya tambaya a cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM El Hadj Taya. Abu na biyu da bai yi mini ba shi ne bakin busa guda da yake zagayawa tsakanin ɗalibai masu aron turompet ɗinsa, ana goge shi da gefen riga kawai. Ko ba ka da kuɗin turompet tukuna, sayi naka bakin tun ranar farko.

In za a sayi na hannu, a tafi da malamin, wannan yana yi da zuciya ɗaya. Zai danna fiston ya ga suna dawowa da kansu, ya ja kowane bututu ya ji ko ya kafe, sannan ya zare bututun fiston na farko, ya toshe ramin da iska ke fita da yatsa, ya danna fiston ɗin ya hura. In iska tana tsiyaya, fiston sun cinye, a bar shi komai arharsa.