Komawa jami'a ta intanet daga Tawa: wanne ya dace da ma'aikaci?

Wanda ya ajiye karatu bayan Bak, yau ga biro ga iyali, da wuya ya bar albashi ya koma zaman aji a Jami'ar Djibo Hamani. Shi ya sa ake neman karatu daga nesa. Sai dai abubuwan da ake tallatawa da wannan suna sun sha bamban.

Mafi araha su ne gajerun darussa irin na Coursera da FUN-MOOC. Suna gyara wa mutum hannu a Excel ko lissafin kuɗi, amma takardarsu shaidar halarta ce, ba lisans ba, kuma ba za ta shigar da kai konkur ba.

Mai son cikakken difulom ya dubi jami'o'in intanet na gwamnati, kamar UVCI ta Abijan ko Cheikh Hamidou Kane ta Senegal. Tsarin LMD suke bi irin namu: lisans shekara 3, masta shekara 2. Mai jin Ingilishi yana da NOUN ta Najeriya, amma a cibiyoyinta ake rubuta jarrabawa. Ka lissafa kuɗin mota ta Konni zuwa cibiyarta ta Sakkwato, da kwanakin da za ka roƙa wajen shugabanka.

Inda na fi jin tsoro shi ne makarantu masu zaman kansu. Akwai na kirki, amma allon bakin ƙofa ba hujja ba ne. Ka ce a nuna maka izinin ma'aikatar ilimi mai zurfi, sannan ka tambayi amincewar CAMES, hukumar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka, wadda ke Wagadugu. Difulom-difulom take tantancewa, don haka makaranta ɗaya tana iya samun amincewa a wani fanni ta rasa a naka. In aka fara kame-kame, riƙe kuɗinka.

Sai hidimar da ba a rubutawa a takardar talla. Darasin bidiyo kai tsaye yana cinye forfe, ko Airtel ne ko Moov ko Zamani, ga ɗaukewar wuta a zafin Afrilu da Mayu. Ni na fi son makarantar da ke barin a sauke darasi a waya, a karanta bayan Isha'i in yara sun kwanta. In da yuro ake biya, galibi sai da katin banki irin su Visa.

In ma'aikacin gwamnati ne kai, je ofishin kula da ma'aikata tun kafin ka biya ko dala, ka ji ko difulom ɗin zai ƙara maka matsayi, da irin izinin da ake so ka samu kafin ka fara.