Littafin lafiyar ɗana da makarantar Faransa

'Yan uwana na Garwa, ina gaisuwa. Yaya, ke kika dame ni da tambayar yadda yara suke ji da makaranta a nan Liyon. To ga amsarki, amma kowa ma ya karanta.

Ranar da na je ofishin magajin gari yi wa ɗana rajista, na haɗa takardar haihuwa, da shaidar gidan haya, da sakamakon ajin da ya baro. Matar da ke kan tebur ta duba, ta ce saura littafin lafiyarsa. Sai na zazzage leda. Kun san abin da ya fito: tarin karnen nan, wato ƙananan littattafan likita, da ake sa mu saya a ƙofar kowane asibiti, wannan shuɗi, wancan ruwan hoda, kowanne an rubuta shafi biyu an bar sauran fili. Katin rigakafinsa kuwa ya daɗe a akwatin Inna, gara ta cinye gefen da kwanan wata yake. Matar ta ɗaga shi da yatsu biyu tana haska shi ta taga, har ta kira abokiyar aikinta ta zo ta gani. Ba ta zage ni ba, murmushi ma take yi. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Mutanen layi suna kallo, ni kuma na naɗe hannun rigar yaro ina nuna mata tabon allurar BCG. Ta ce ita ba tabo take karantawa ba.

A dokarsu ta wancan lokacin, duk yaron da aka haifa daga 1 ga Janairu 2018 sai an yi masa rigakafin cututtuka 11 kafin ya shiga aji. Kafin nan uku ne kawai dole: mashaƙo, sarƙewar haƙora da shan inna. Nawa ɗan 2018 ne, ya faɗa ciki. Ba su kore shi ba, sun karɓe shi na wucin gadi, suka ba ni wata 3 in cike giɓi. Likita ya ɗebi jini ya duba, abin da babu shaidarsa aka sake. Ni na goya yaron nan a zafin Garwa, na bi layi aka yi masa alluran nan tun yana jariri, ga shi ana sake huda shi don takarda ta lalace. Ban yi kuka a gaban likita ba, sai da na shiga bas.

Su littafi ɗaya ne. Tun a asibitin haihuwa ake miƙa wa uwa, kyauta, kuma shi zai bi yaro har ya kai 18. Nauyi, tsawo, haƙori, ido, kunne, abin da jikinsa ba ya so, duk likitan da ya taɓa shi sai ya rubuta a ciki. Kuma sirri ne. Shugabar makaranta ba ta da hurumin buɗe shi tana karantawa, shafin rigakafi kawai ake ba ta.

Kin san yaron nan da sikila. A gida na yi wa malaminsa bayani har bakina ya gaji, amma a watan Afrilu, zafi ya haura 40, sai ya hana shi fita shan ruwa, wai in ya bar ɗaya duk aji za su tashi. Ranar da ciwon ƙafa ya hana shi gudu, dorina ya sha, aka ce lalaci ne. A nan aka zaunar da ni da shugabar makaranta da likitarsu, muka sa hannu a wata takarda da suke kira PAI. An rubuta cewa gorar ruwansa tana kan teburinsa, ya je bayi ba sai ya roƙa ba, kada a fitar da shi wasa in sanyi ya tsananta, in zazzaɓi ya tashi a buga 15 motar asibiti ta zo, sannan a kira ni. Maganinsa yana cikin jaka mai sunansa, ko yawon gani da ido za su je sai malama ta rataya ta. Me aka kashe a nan? Takarda ce da biro da zaman rabin awa. Wannan bai fi ƙarfin makarantar Yelwa ko Rumde Ajiya ba.

Mu namu fa? Shaidar lafiyar da ake nema lokacin shiga makaranta ko jarrabawa, kowa ya san yadda ake samunta. Ka miƙa kuɗi, a buga hatimi, sau da yawa yaron ma yana gida yana wasa. An rubuta lafiyarsa ƙalau, alhali ba ya ganin allo daga benci na uku, ko yana fitsarin jini tun da ya fara wanka a Binuwai, manya suna cewa ai girma ne ya zo, ba wanda ya ambaci tsargiya. Mu iyaye ma muna da namu. Yaro yana da farfaɗiya, uwa ta ɓoye wa makaranta don kada a ji a unguwa, sai ranar da ya faɗi a aji kowa ya watse yana a'uzubillahi.

Kada ku ɗauka aljanna na shigo. Likitocin makaranta a ƙasar nan ba su kai 1,000 ba, ɗalibai kuwa kusan miliyan 12. Doka ta ce a duba kowane yaro a shekararsa ta 6, amma kotun da ke bin diddigin kuɗin gwamnati ta bayyana a 2020 cewa ko ɗaya cikin biyar bai samu ba. Ni kaina sai da na yi ta sintiri kafin likitar ta sami lokacinmu. Ga tsoron doka da ya yi musu katutu. Ƙanwar ɗana ta yi ɗan ciwon kai, malama ba za ta ba ta ko rabin Doliprane ba tunda babu takarda. Sai waya: ki zo ki ɗauke ta yanzu. Ki bar aiki, ki roƙi mai gidan aiki, ki canja bas biyu, ki tarar da yarinya ita kaɗai a kujera. A irin ranar nake tuna gida. Da a Garwa ne, kafin labari ya iso ni wani malami ya ɗora ta a mashin, maƙwabciya ta dama mata kunu, Inna tana yi mata tofi. Nan shekara za ki yi ba ki san muryar maƙwabcinki ba.

Kuma ba a ce ba a yin komai a wajenmu ba. Kamaru ce ta fara sa rigakafin zazzaɓin cizon sauro cikin alluran yara na yau da kullum, a Janairun 2024, kafin kowace ƙasa. Da damina ana bi gida gida da maganin ƙananan yara, a makarantu ana raba na tsutsar ciki. Amma ina ake rubutawa? Da alli a ƙofar gida, da tawada a farcen yaro. Ruwan farko ya wanke ƙofar, farce ya tsiro, shi ke nan.

Yaya, ki fito da katunan yaranki daga ƙarƙashin katifa, ki ɗauki hotonsu gaba da baya ki turo mini in ajiye. A taron APEE mai zuwa kuma, wato ƙungiyar iyayen yara da malamai, kafin a fara rigimar kuɗin benci, ki tashi ki nemi a buɗe akwatin maganin makaranta a gaban kowa, a ga abin da ke ciki da wanda ke riƙe da makullin. Ki gaida Inna, kada ki gaya mata zancen gara.