Sharhi kan Cop Rock, Shirin 'Yan Sandan da Ke Rera Waƙa

A watan Satumba na 1990 tashar ABC ta Amurka ta fara nuna Cop Rock, wasan kwaikwayo kan 'yan sandan birnin Los Angeles wanda Steven Bochco da William Finkelstein suka ƙirƙira, amma kafin shekarar ta ƙare aka dakatar da shi bayan kashi 11 kacal.

Abin da ya kayar da shirin shi ne abin da ya bambanta shi da saura, domin ana tsakiyar binciken kisa ko zaman kotu sai 'yan wasan su ɓarke da waƙa. Masu kallo a Amurka ba su lamunci hakan ba, kodayake wanda ya saba da finafinan Indiya da na Kannywood ba zai ga baƙon abu ba. Gaskiya wasu waƙoƙin ba su dace da muhallinsu ba. Amma fitowar da wata uwa mai shaye-shaye take yi wa jaririyarta waƙar reno kafin ta sayar da ita tana ratsa zuciya matuƙa, kuma a ganina ita kaɗai ta isa dalilin neman shirin.

Randy Newman, wanda ya rubuta waƙoƙin kashin farko, ya samu lambar yabo ta Emmy, kuma shirin ya fito a faifan DVD a 2016.